Zullumin da ba ya ƙarewa ciwo ne, kuma yana da magani

A Ajekoriya, cikin ƙasar Dakoro, kowane manomi ya san zullumi. In watan Yuni ya wuce ba a samu ruwan shibka ba, hankali yana tashi. In rumbu ya yi ƙasa tun bazara, maigida ba ya barci da daɗi. Dattawa ba su manta da yunwar 1984 ba, magidanta na yau kuma sun ga ta 2005. Wannan zullumi yana da dalili. In ruwa ya sauka, gero ya yi, sai hankali ya kwanta.

Amma akwai wani zullumi da ba ya tahiya ko da komi ya yi daidai. A ɗauki misalin wata mace mai ƴaƴa huɗu. Kaka ta yi kyau, rumbu cike, yara lahiya lau. Babban ɗanta yana ci-rani a Najeriya, kuma yana kiranta a waya kowace Jumma'a. Duk da haka kullum gabanta yana faɗuwa. Yau tunanin ɗanta, gobe tunanin awaki, jibi tunanin gobara. In an kashe wannan tunani, wani ya taso. Mijinta ya saida awaki biyu wajen neman magani, ba ta samu sauƙi ba. Wasu sun ce iskoki ne, wasu sun ce sammu ne.

Mi ne ne wannan ciwo?

Likitoci sun san shi. Ciwon zullumi ne, wanda ke sa mutum fargaba a kan komi da komi. Ba hauka ba ne. Ba ƙarancin imani ba ne. Ba a ɗaukar shi wurin cin abinci tare. Hukumar Lahiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekara ta 2019 mutum miliyan 301 ke fama da cututtukan fargaba iri-iri. Cikin masu bukatar magani, kamar mutum 1 cikin 4 kaɗai ke samu. Ciwon ya hi kama mata, amma maza ma suna yin shi.

Yaya likita ke gane shi?

Babu awon jini da ke nuna wannan ciwo. Da tambaya da saurare ake gane shi. Abu na farko da likita ke tambaya shi ne: tun yaushe? In zullumin ya kai wata 6, kusan kullum, a kan abubuwa da yawa, kuma mutum ya kasa tsaida shi, to likita zai sa ido. Daga nan sai ya nemi alamomi 6:

1. Rashin natsuwa, kamar ana jiran mugun labari.
2. Saurin gajiya.
3. Kasa tattara hankali ga aiki.
4. Saurin hushi.
5. Tsamin wuya da kafaɗu da baya.
6. Rashin barci, ko barcin da ba hutu cikinshi.

In babban mutum yana da 3 cikin waɗannan, kuma suna hana shi noma ko kasuwa ko zama lahiya da iyali, to alama ta yi ƙarhi.

Akwai kuma wata takarda mai tambaya 7 da aka shirya a Amurka cikin 2006, likitoci a ƙasashe da yawa suna aiki da ita. Tana tambayar yadda mutum ya ji cikin sati 2 da suka wuce. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimilla 21. Wanda ya kai 10 ana ƙara binciken shi.

Mutane da yawa ba su cewa suna zullumi. Cewa su ke yi kai na ciwo, ko zuciya na bugawa, ko ciki na murɗawa. Dan haka likita yana duba jiki tukuna. Ƙarancin jini, da masassara, da hawan jini, da wani irin ciwon maƙoƙo, duk suna sa bugun zuciya. Yawan shayi da goro da Nescafé ma suna hana barci. Ya kamata majinyaci ya faɗi gaskiya a kan duk abin da ya ke sha, har ƙwayoyi da saiwoyi.

Mi ne ne maganinshi?

Magani iri biyu ne.

Na farko magana ce. Likita yana zama da mutum sau da yawa, yana koya mashi yadda zai auna tunaninshi. Matar nan, misali, za a tambaye ta: sau nawa ta yi zaton mugun labari, sau nawa ya zo? Ana koya mata ta raba matsala biyu, wadda ake iya yi ma dabara yau, da wadda ba ta hannunta. Ana koya mata numfashi: ta ja iska ta hanci a hankali har ciki ya kumbura, ta ƙilga 4, ta sake ta a hankali. Ta yi haka minti 5, sahe da marece. Ana ce mata kada ta bar zuwa rijiya da biki da suna, dan zaman kaɗaici yana ƙara ciwon.

Na biyu ƙwaya ce, in likita ya ga ana bukata. Ɗaya daga cikinsu sunanta fuluwoksetin, ana shan ta sau ɗaya a yini. Ba ta aiki nan take. Sai an yi sati 2 zuwa 6 kahin a ga canji. A kwanakin farko wani yana jin tashin zuciya ko ciwon kai, daga baya ya wuce. In an samu sauƙi ana ci gaba da sha wata 6 ko hiye, kuma ba a bari sai da izinin likita. Mace mai ciki ko mai goyo ta gaya ma likita tun farko.

Hattara da ƙwayoyin kasuwa

Masu tallar magani suna saida diyazefam da tramol. Diyazefam yana kwantar da hankali na ɗan lokaci, amma jiki yana sabawa da shi. In an bari, fargabar ta dawo hiye da da. Shi ya sa likita ba ya ba da shi sai na ƴan kwanaki. Tramol kuwa maganin zahin ciwo ne, ba na zullumi ba. Yawan shan shi yana sa mutum ya faɗi kamar mai farfaɗiya.

Ina za a tahi?

A fara da gidan likita mahi kusa, a ga majo. In abin ya hi ƙarhinshi, zai ba da takarda zuwa asibitin Dakoro, daga can zuwa Maraɗi. Addu'a da shawarar malam ba su hana zuwa likita. Mutanen gida su bar cewa "ka cika tsoro" ko "kin cika raki". Su saurara, su raka majinyaci, su tuna mashi da ranar komawa. Wanda ya bar cin abinci, ko ya ce ya gaji da duniya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi likita a ranar.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma mutanen gidansu wannan bayani.