Tsatsa da Tsohuwar Fijo: Ceto Jikin Mota a Bakin Ruwan Ikorodu

A ɗauki motoci biyu da suka fito daga masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna a shekara guda, ɗaya ta yi zamanta a Katsina, ɗaya aka gangaro da ita Legas. Wanda ya gan su yau ba zai ce tsaran juna ba ne. Ta Katsina rana ta cinye fentinta, kujerunta sun yayyage, amma in ka ƙwanƙwasa ƙofarta za ka ji ƙarfe ya amsa. Ta Legas kuwa mai yiwuwa ne ka tarar tana sheƙi, don an sha sake mata fenti, sai dai da ka ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafar direba za ka hango kwalta ta cikin huda.

Duk Bahaushen da ya daɗe a Sabo ta Ikorodu, ko Mile 12, ko Zangon Agege, ya san wannan bambanci ko da bai taɓa mallakar mota ba. Ya ga ƙyauren shagonsa, ya ga kan famfo da makullin ƙofa, yadda suke yin ja cikin damina ɗaya. Abin da ke cin su shi ke cin mota, kuma yana da dalili.

Ƙarfe ba ya tsatsa sai abu biyu sun haɗu a kansa: ruwa da iskar oksijin, wadda muke shaƙa. In ɗigon ruwa ya zauna a kan ƙarfe tsirara, wurin yakan zama wani ɗan ƙaramin batir. A gefe guda ƙarfen na narkewa cikin ruwan kaɗan-kaɗan, a ɗaya gefen oksijin na karɓar lantarkin da ƙarfen ya saki, su haɗu su haifar da jan garin nan da muke kira tsatsa. Gishiri ba shi ke cin ƙarfen da kansa ba. Aikinsa shi ne ya sauƙaƙa wa lantarkin tafiya cikin ruwan, ya kuma jawo laima daga iska ya riƙe ta, ta yadda wurin ba zai bushe ba ko bayan ruwa ya ɗauke. To Ikorodu tana gaɓar arewa ta tafkin Legas ne, wanda ruwansa gauraye yake da na teku, gishirinsa kuma yakan ƙaru da rani. Laimar iska a Legas takan wuce kashi 80 cikin 100 a mafi yawan shekara, alhali a Kano da hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20. Ruwan saman da ke zuba a Legas ya kusa ninka na Kano. Ga kuma ambaliya: duk shekarar da aka saki ruwan madatsar Oyan, Kogin Ogun ya cika, motoci kan yi iyo a Owode da Ajegunle ta kan hanyar Ikorodu, laka ta shiga duk wani lungu na ƙasan mota ta kwanta.

Mugun halin tsatsa shi ne ba ta tsayawa. Alminiyam ma yana haɗuwa da oksijin, amma fatar da yake yi siririya ce mai ƙarfi, tana rufe shi ta kare abin da ke ƙasa. Tsatsar ƙarfe kuwa bususu take, tana shan ruwa, tana kumbura fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ta ɗaga fenti, ta fashe, ta buɗe sabon wuri. Kuma galibi daga ciki take farawa, kamar gara a azara: ranar da ka ga ƙuraje sun fito a ƙasan ƙofa, ta riga ta gama da bayan farantin. Kaurin ƙarfen jikin mota bai fi milimita ɗaya ba, sau da yawa ma bai kai ba. Ba shi da rarar da tsatsa za ta ci.

Me ya sa mutum zai wahalar da kansa a kan motar da ta haura shekara 40? Ni dai ina ganin Fijo 504 ta cancanci wahalar. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Kamfanin Pininfarina na birnin Turin a Italiya ne ya zana ta, kuma shi ya ƙera jikin 'yar'uwarta mai ƙofa biyu, wadda masu son gudu suke ji da ita. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Gabashin Afirka da 504, a 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas shi ma ya cinye shi da mai ƙofa biyun, mai injin V6. A waccan 1975 ɗin ce masana'antar Kaduna ta fara aiki, kamar yadda ta Volkswagen da ke Ojo a nan Legas ta fara haɗa Beetle. Faransa ta daina ƙera 504 ta fasinja a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar babban sakatare, ita ce ta alhazan birni, ita ce doguwar da ke ɗaukar fasinja daga Legas zuwa Kano cikin dare, ita ce a-kori-kurar da ta yi dakon albasa da tumatir. Ba mu da motar da ta shiga tarihinmu kamar ita. Sai dai an ƙera ta ne kafin kamfanoni su saba ƙera jikin mota duka da ƙarfe mai rufin tutiya, irin rufin da ke hana kwanon ɗaki tsatsa. Porsche ya soma hakan a tsakiyar shekarun 1970, Audi ya biyo baya a shekarun 1980. Tutiya takan ba da kanta a ci kafin a kai ga ƙarfen. Tsohuwar Fijo ba ta da wannan garkuwa, fenti ne kaɗai tsakaninta da iskar bakin ruwan Ikorodu.

Wanda zai yi gyaran a gida, aikinsa na farko ba saye ba ne, bincike ne. A fitar da kujeru da shimfiɗa, a cire robobin ƙofa, a wanke ƙasan motar tas a bar ta ta bushe. Sai a ɗauki sukuddireba a bi wuraren da ruwa ke kwanciya ana dannawa: ƙasan ƙofofi, dokin ƙofa na ƙasa daga taya zuwa taya, bakin tayoyi, ramin safaya a but, ƙarƙashin batir, gindin gilashin gaba, da inda ake kafa jak. Inda ya nutse, ƙarfe ya mutu. A kuma zaga jikin da ɗan maganaɗisu naɗe a ƙyalle. Duk inda ya ƙi kamawa, akwai fila a ƙarƙashin fentin, kuma a nan labarin yake.

Fila, wato ƙullin nan da ake shafawa a goge, an yi ta ne don cike ɗan lotsawar da guduma ta bari, kaurin da bai wuce milimita biyu zuwa uku ba. Amma a garejojinmu ta zama maganin komai. Rami ya fito, a toshe shi da ragar waya ko guntun kwano, a lafta fila, a goge, a fesa fenti. Motar ta fito da kyan ɗan maciji. Fila tana shan laima ta baya, inda ramin yake a buɗe, ta riƙe ta a jikin ƙarfen, kafin damina biyu wurin ya fi da lalacewa. Ban ɗora wa fanel bita laifin duka ba. Akwai masu hannu a cikinsu ƙwarai, waɗanda za su ɗauki farantin ƙarfe miƙaƙƙe, da guduma da guntun dogo, su fitar maka da lanƙwasar bakin taya kamar daga kamfani. Mai mota ne yakan zo yana cewa, "Oga, a ɗan shafa mata kawai, jibi nake son ta." Wanda ya biya kuɗin shafe, shafe zai samu. Araha ba ta ado.

Gyara na gaskiya iri biyu ne, gwargwadon zurfin cutar. In tsatsar a sama take, ƙarfen bai huje ba, wannan aikin mai gida ne da hannunsa. A goge da burushin waya da samfefa har sai farin ƙarfe ya bayyana, a wuce iyakar jan da ɗan yatsa biyu ko uku, domin tana rarrafe a ƙarƙashin fentin da ake gani lafiyayye. Ƙananan ramukan da samfefa ba ta kai ba, a shafa musu ruwan maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, wanda ke juya ta zuwa wata baƙar fata da ba ta ci gaba da ci. A nan mutanen Legas suke da wata matsala ta daban: ƙarfen da aka goge da safe, kafin la'asar ya soma yin ja. Don haka kada a buɗe wurin da ba za a iya rufewa a ranar ba. A goge shi da tina, a fesa fentin fari na ƙasa mai ifoksi, wanda ba ya barin ruwa ya ratsa, sannan in da buƙatar fila a sa ta siririya a kansa. Watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu kan leƙo Legas, su suka fi dacewa da wannan aiki.

In kuwa ya huje, babu shafe, babu magani, sai yanka. A yanke ruɓaɓɓen har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a zana ramin a kwali, a fitar da faci daga farantin da kaurinsa ya yi daidai da na motar. Kyakkyawan aiki shi ne a haɗa baki da baki. Ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauƙi, amma tsakaninsu ɗaki ne aka gina wa ruwa. Yawancin masu waldarmu na bakin titi da wutar kabaid suke aiki, kuma zafinta yana bazuwa ya murɗe siririn faranti. Gwani yakan ɗiga walda nan, ya tsallaka can, ya jira ya huce, ya dawo, har ɗigon ya haɗe. Mai gaggawa yakan ja layi ɗaya, ƙofa ta karkace, sai a koma ga fila don ɓoye ɓarnar, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Wanda ya sami mai injin walda na waya da gas, irin wanda ake kira MIG, ya ba shi, zafinsa ya fi taƙaituwa.

Akwai iyakar da nake roƙon mai gyaran gida kada ya tsallake. Fijo mai ƙofa huɗu ba ta da wani firam daban da jiki ke zaune a kai. Jikin shi ne ƙashin motar. Dokin ƙofa na ƙasa, da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin daɓen, da kofunan da shokazoba ta gaba ke ɗaure a ciki, su ke riƙe mota ranar hatsari. In an yanke dokin ƙofa ba tare da an tokare ramin ƙofar da ƙarfe ba, motar takan lotsa a tsakiya, ƙofa ta daina rufuwa. Wannan na gwani ne. Haka nan a cire tankin mai da batir kafin a kunna wuta, a ajiye yashi da ruwa kusa, domin kwaltar da ke shafe a ƙasan mota tana kamawa. Ƙurar tsohon fenti tana iya ɗauke da dalma, hayaƙin waldar ƙarfe mai tutiya yana sa zazzaɓi, fentin zamani mai haɗi biyu kuma yana lalata huhu. A gidan haya na Legas, inda yara ke wasa a tsakar gida ɗaya da motar, feshi ba aikin gida ba ne. A kai ta gareji.

Bayan walda, bayan facin ne ya fi buƙatar kulawa, don wuta ta ƙone duk abin da ke kare shi. A fesa kakin hana tsatsa cikin ƙofofi da dokin ƙofa, a buɗe 'yan hudojin da kamfani ya bari a ƙasan kowace ƙofa don ruwa ya fita, waɗanda laka da fenti kan toshe. Kanikawa sun daɗe suna shafa baƙin mai a ƙasan mota, kuma yana taimakawa, sai dai yana cin roba, yana tara ƙura, yana ɗiga cikin kwata. Kada a lulluɓe motar da tamfol har ƙasa a kan jiƙaƙƙen fili, gara rumfar da iska ke ratsawa. Wannan ilimin yana amfanar mai sayen tokumbo ma: motar da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, takan sauka a Tin Can da fuska kamar sabuwa, ƙasanta kuwa ya ci gishirin hunturu goma. A leƙa ƙarƙashinta kafin a yi ciniki.

Saura kayan gyara. A Ladipo ta Mushin da Owode Onirin har yanzu akan dace da ƙofa ko murfin but na 504, amma mafi yawansu sun sha iskar da ta kashe taka. Lafiyayyun suna Arewa, a bayan gidaje da garejojin Katsina da Sakkwato da Maraɗi, inda injin ya mutu ya bar jiki garau. Can ma ba zama za su yi ba. 'Yan gwangwan na bin su suna saye a kan sikeli, a sassare su, a loda a tirela, wasu a kawo su nan Odogunyan da Ogijo a narkar a mayar da su rodin gini. Mai Fijo a Ikorodu da ke da ɗan'uwa a harkar motocin gwari yana da hanyar da wasu ba su da ita: ya aika a nemo masa ƙofofi da murfin inji tun suna nan, a ɗoro su a kan buhunan albasa zuwa Mile 12. In sun iso ya shafe cikinsu da kaki, ya jingine su a kan katako nesa da ƙasa, ko da bai shirya fara aikin bana ba.