Randar waƙa

Kowane gida yana da randa. Mai jin ƙishirwa ba ya zuwa rijiya da moɗa, randa yake nufa. In ruwan ya yi ƙasa, sai a ɗauki tulu a je a ɗebo, a cika ta tun ba ta ƙafe ba. Na'urar sauraren waƙa ma haka take aiki.

A shekarar 2001, kamfanin Apple na Amurka ya fito da wata ƴar na'ura mai suna iPod. Tana shiga aljihu, amma tana ɗaukar waƙa 1000. Waƙoƙin suna rubuce a kan wani ɗan faifai mai cin giga 5. Faifan nan shi ne rijiya. Kafin a karanta abin da ke kansa, sai ya yi ta juyawa, fiye da sau 4000 a minti ɗaya, wata ƴar allura kuma tana yawo a bisansa tana ɗauko waƙar.

Juyawar nan tana da illa biyu. Ta farko, tana shan batir ƙwarai. Ta biyu, in mai na'urar yana gudu ko yana cikin mota a hanya mai gargada, girgiza tana hana allurar karatu, sai waƙa ta tsinke.

Don haka masu ƙira suka sa wa na'urar randa. Wata ƴar ma'ajiya ce mai cin mega 32, wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Da Faransanci ana ce mata mémoire tampon. Manhajar da ke tafiyar da na'urar ita ce mai ɗebo ruwa. In an kunna waƙa, sai ta ta da faifan, ta kwashi waƙoƙi da yawa maza-maza ta zuba a ma'ajiyar, sannan ta tsai da shi ya huta. Daga ma'ajiyar ne sauti yake zuwa kunne. Randar iPod ta farko tana riƙe waƙa ta kamar minti 20. In abin da ke ciki ya kusa ƙarewa, manhajar ta sake ta da faifan. Ba ta jira sai ya ƙare ƙaf, domin faifai yana ɗan ɗaukar lokaci kafin ya kai ga saurinsa.

Ga lissafin. Waƙar MP3 irin wadda aka fi sani tana cin kusan mega 1 a minti ɗaya. In ma'ajiya mega 2 ce, faifai zai tashi sau 30 a awa ɗaya. In mega 20 ce, sau 3 kaɗai zai tashi. Ke nan babbar randa tana rage zuwa rijiya, batir kuma ya daɗe.

Amma babbar randa ma tana da tata matsala. In mai saurare ya tsallake zuwa waƙar da ba a ɗebo ba, duk abin da aka tara ya zama banza, dole faifai ya sake tashi. Mai yawan canza waƙa, batirinsa ya fi saurin mutuwa. Haka kuma waƙar da ba a matse ba, irin ta faifan CD, tana cin kusan mega 10 a minti ɗaya, saboda haka randa tana ƙarewa da wuri.

An daina ƙera iPod mai faifai a 2014. Salula ta yau tana ajiye waƙa a kati ko a ma'ajiyar da ba ta juyawa. Duk da haka randa tana nan. In ana sauraren waƙa ta intanet, salula tana tara ta gaba kaɗan kafin ta fara. In layi ya yi rauni har randa ta ƙafe, waƙa ta tsaya, sai a ga ɗan zobe yana juyawa a fuskar salula. Ana jiran mai ɗebo ruwa ne.

Tambayoyi

1. Wace illa juyawar faifai take da ita?
2. Don me manhaja ba ta jira ma'ajiya ta ƙare kafin ta ta da faifai?
3. In ma'ajiya mega 10 ce, sau nawa faifai zai tashi a awa ɗaya?
4. Me ke faruwa ga batirin mai yawan canza waƙa?