RUMBUN BAƘIN MAI A MOTOCIN DAJI

Duk ma'aikacin da ya saba fita rangadi ya san abin da a ke nufi in an ce inji ya buga. Mota ta tsaya a dawa, albashin malamai ko maganin asibitin ƙauye na ciki, kuɗin gyara kuwa daga baitulmali za su fito. Tun da Turawan Ingila suka fito da Land Rover a 1948, Toyota kuma ta biyo da Land Cruiser, sa'an nan Hilux a 1968, irin waɗannan motoci ne ƙafafun hukuma a ƙauyuka, tun zamanin En'e har bayan da ƙananan hukumomi suka gaje ta a 1976. Don haka muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatunmu wata na'ura da a ke ɗaura wa motocin daji don tsare inji, wadda Turawa ke kira akumuleta, mu kuwa za mu kira ta rumbun baƙin mai.

A ƙarƙashin kowane inji akwai tukunya inda baƙin mai ya ke taruwa. Famfo ya kan tsotso shi ta bakin wani bututu, ya tura shi da ƙarfi tsakanin ƙarafan da ke juyawa don kada su goga juna. A ce mota ta tashi daga Gidan Igwai a birnin Sakkwato za ta Tangaza ko Gudu. Muddin tana kan kwalta, man na kwance lafiya. Amma in ta bar titi ta gangara kwazazzabo, ko ta kafa kai za ta hau gaɓar rafi a fadamar Rima, ko ta karkata gefe guda a kan hanyar da ruwa ya zaizaye, sai man ya tattaru a kusurwa ɗaya, bakin bututu ya zauna a fili, famfo ya shiga zuƙar iska. A daidai lokacin nan kuwa direba ya ke danna totur iyakar ƙarfinsa. Jar fitila ta ɗan ƙifta ta mutu, direba ya ce ba kome, alhali ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Sakkwato ya kan wuce digiri 40, man ya yi tsululu, ɓarnar ta fi sauri.

To, rumbun nan wani gwangwani ne dogo mai kauri, da fistin a tsakiyarsa. Gefe ɗaya iska ce da aka hura, kamar fam 7 zuwa 10 a ma'aunin taya. Ɗaya gefen an haɗa shi da hanyar mai ta inji. In inji na aiki sosai, sai ƙarfin famfo ya cusa mai a ciki, ya tura fistin, ya matse iskar. Da zarar ƙarfin famfo ya faɗi, iskar ta turo man ya koma cikin inji, ba tare da direba ya taɓa kome ba. Watau kamar manomi ne da ya cika rumbu da kaka ya buɗe shi da bazara. Kamfanin Canton na jihar Konetikat a Amurka yana ƙera nasa da sunan Accusump, Moroso ma na yi, kuma manyansu ba su wuce cin lita uku ba. Masu tseren mota ne suka fi saninsa.

Yana da wani amfani kuma, wanda a ganinmu ya fi na farko ga motar hukuma da ta kan kwana biyu a ajiye. In an rufe bakinsa kafin a kashe inji, man ya kan zauna a matse har gobe. Da safe a buɗe, mai ya ratsa ko'ina tun ba a murɗa makulli ba, inji bai tashi a bushe ba ke nan. Akwai mai mariƙin hannu, akwai kuma wanda ke buɗewa da kansa in an kunna mota, shi ne ya fi dacewa da direba mai mantuwa.

Amma fa a lura. Man da rumbu ke ajiyewa daga tukunya ya ke ɗibarsa. In bakanike ya ɗaura shi bai ƙara mai gwargwadon cikinsa ba, to, ya rage wa tukunya lita biyu ko uku, garin neman gira an rasa ido. Haka kuma in an auna mai bayan rumbu ya juye nasa, sandar awo za ta nuna ya yi yawa, yaron mota mai himma ya kwance ya zubar. Ƙa'ida ita ce a tada inji, a bari rumbu ya cika, a rufe bakinsa, a kashe, sa'an nan a auna. Kada kuma kowa ya kwance bututunsa yana cike, gama man mai zafi ne, a matse ya ke. Har wa yau abin da ya ke bayarwa na 'yan daƙiƙoƙi ne, da wuya ya wuce minti guda. Motar da ta maƙale a karkace inji na ta kuka, rumbu ba zai cece ta ba, sai a kashe ta a nemi masu turi.

Shin ya kamata a saya wa motocinmu? Ƙasar Sakkwato galibi shimfiɗaɗɗiya ce, ba kamar tuddan rairayi na bayan Agadas ba, inda tseren Dakar ya riƙa ratsawa kafin a ɗauke shi daga Afirka a 2009. Yashi da ƙura sun fi hawa da gangara cin injuna a nan, kuma na'urar daga waje a ke odarta. Saboda haka mu dai shawararmu, motar da aikinta kullum fadama ne da kwazazzabai, musamman da damina, ta cancanci a yi mata. Sauran kuwa, akawun da aka kawo wa takardar neman kuɗin rumbu ya fara buɗe littafin motar tukuna, ya ga ranar da aka yi mata juye, da ranar da aka sake matatar mai da ta iska, kafin ya sa hannu.