Jitar Agadez: Daga Wayar Birkin Keke Zuwa Akwatin Feda

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu Agadez ne, a arewacin Jamhuriyar Nijar, garin da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa, mai tsawon mita 27, ta yi suna a duniya. Sai dai ba tarihin masallaci ya kawo mu ba. Kiɗan jitar lantarki za mu bi, kuma ƙasa za mu sa ido, wajen ƙafafun makaɗi: wayoyin da ke kwance cikin rairayi, da 'yan akwatunan da yake takawa, waɗanda ake kira feda, da amfilifayar da aka ɗauko a bayan babur.

[Kiɗan jita ya tashi, sannan ya yi ƙasa]

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a unguwannin Agadez ya san yadda ake yi. Da la'asar sakaliya a tare layi, a shimfiɗa tabarmi da dardumai, mata gefe guda, maza gefe guda, a bar fili a tsakiya saboda masu rawa. Can sai ga makaɗa sun iso, wannan ya rataya jita a baya, wancan ya rungumo amfilifaya, gangunan bature kuma na biye a cikin adaidaita. Babu dandamali. A kan kujera ko bulo ake ɗora amfilifaya don kada ta sha ƙasa. Janareta kuwa a ja shi can bayan katanga, iyakar inda waya ta kai, don kada rurinsa ya danne kiɗa. Akan samu yaro guda da ba shi da aiki sai tsaron mai da korar yara daga kan waya.

To, a nan ne sautin da duniya ke kira na Agadez ya samo asali, kuma dalilin mai sauƙi ne. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka nannaɗe da siririyar wayar tagulla. In aka kaɗa tsirkiya, girgizarta kan haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin wayar nan, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mayar da ita sauti. A cikin ɗaki, bango na dawo maka da sautin. A fili babu bango, sauti ya tafi ya tafi ke nan, ga ganguna, ga guɗa, ga tafi. Me ya rage wa makaɗi? Ya murɗa maɓallin ƙara har ya ƙure. Ita kuwa ƙaramar amfilifaya tana da iyaka. In aka nemi abin da ya fi ƙarfinta, sai sautin ya fashe, ya yi kaushi, kamar muryar sanƙira da ya wuni yana shela har maƙogwaro ya dushe. Amma fashewar nan tana zuwa da riba: sautin tsirkiya ɗaya yakan daɗe yana jan jiki kafin ya mutu, kuma yana ratsa hayaniyar taro har ya kai ga na ƙarshen layi.

Wani abin mamaki, can Amurka ma da ɓacin na'ura aka fara. A birnin Nashville, lokacin da ake ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna "Don't Worry", wadda ta fito a 1961, wani sashe na na'urar ɗaukar sauti ya lalace, jitar Grady Martin ta fito da wani irin gurnani. Ba a goge ba, aka bar shi haka, waƙar kuma ta karɓu. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya zauna ya haɗa 'yar na'urar da za ta riƙa yin wannan gurnani da gangan, kamfanin Gibson ya fitar da ita kasuwa a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Da farko ba ta yi kasuwa ba, sai da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya yi amfani da ita a waƙar "Satisfaction" a 1965, sannan aka yi mata rubdugu. Daga nan feda suka yi ta fitowa iri-iri: mai sa jita ta yi kamar tana magana, wadda Jimi Hendrix ya shahara da ita, da mai maimaita sauti kamar amsa-kuwwa, da mai sa shi ya riƙa lilo yana juyawa. A 1977 kamfanin Boss na Japan ya fara fitar da 'yan ƙananan fedarsa masu launi-launi, masu aiki da batir mai bolt 9, kuma har gobe sifarsu ba ta canza ba.

Wato su can, cikin shekara biyu sun ƙunshe ɓacin na'ura a akwati sun sa masa farashi. A Sahara kuwa rashi ne ya kawo shi, kuma ya daɗe a haka.

[Kiɗa]

Jita ta shiga hannun Abzinawa ne ta hanyar gudun hijira. Farin shekarun 1970 ya kashe dabbobi, matasa suka bazama Aljeriya da Libiya neman abin yi, a can ne su Ibrahim Ag Alhabib suka fara abin da ya zama ƙungiyar Tinariwen. A ɓangaren Nijar, marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, shi ne uban tafiyar. Zamanin tawayen shekarun 1990 ana kallon wannan kiɗa a matsayin muryar 'yan tawaye, kaset ɗinsa ma a ɓoye ake miƙa wa juna. Sai da ƙura ta lafa jita ta fito fili, ta zama kiɗan aure da suna. Bikin aure shi ya mayar da ita sana'a, shi kuma ya ƙara mata sauri da ƙara, domin mai rawa ba ya jiran waƙar kewa.

A 2007 wani kamfanin faifai na Amurka, Sublime Frequencies, ya fitar da kiɗan Group Inerane da sunan "Guitars from Agadez", daga baya na wani makaɗi mai suna Bombino ya biyo. Masu saurare a Turai da Amurka suka ji wannan kaushin sauti suka rikice, wasu na tambayar wace irin feda ce ke ba da shi. A watan Janairun 2010 Bombino ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadez don murnar dawowar zaman lafiya, kuma faifansa "Deran" na 2018 ya kai shi cikin 'yan takarar kyautar Grammy, abin da wani ɗan Nijar bai taɓa samu ba kafin shi. Akwai kuma Etran de l'Aïr, 'yan gida ɗaya da suka fara tun 1995 da jita guda marar lantarki da ƙwarya kife a ruwa a madadin ganga, suka yi shekara da shekaru suna cin abinci a bukukuwan unguwanni kafin a san su a waje.

Wanda labarinsa ya fi shafar batunmu shi ne Mahamadou Souleymane, wato Mdou Moctar, ɗan yankin Tahoua. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, "Anar", a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da na'urar gyaran murya ta Auto-Tune, irin wadda waƙoƙin finafinan Hausa suka saba da ita. A lokacin ba a kai faifan kanti ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo ta Bluetooth da katin memori, har ya faɗa kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, wanda ya sa waƙa ɗaya a tarin "Music from Saharan Cellphones". Yau Mdou, bahago ne, yana riƙe da Fender Stratocaster a manyan dandamalin duniya, ga feda jere a gabansa. Ku saurari "Afrique Victime" na 2021 ko "Funeral for Justice" na 2024, za ku ji gurnanin nan na fili, sai dai yanzu da ƙafa ake kiran sa in an so, a sallame shi in an gama. A ganina wannan shi ne babban abin da feda ta ba makaɗin Sahara. Sautin dai nasa ne tun asali, abin da ya samu shi ne iko a kansa.

[Kiɗa ya tashi na ɗan lokaci]

Yanzu bari mu zo kan tambayar da matashin makaɗi ke fuskanta in ya tara 'yan kuɗinsa. Ya riƙa sayen feda ɗai-ɗai, ko ya sayi babban akwati guda mai ƙunshe da sauti barkatai?

Irin wannan akwati ba sabon abu ba ne. Boss ta fitar da ME-5 a 1988. A tsakiyar shekarun 1990 Zoom 505 ta zo da araha, ta shiga hannun yara masu koyo a ko'ina, sannan Line 6 ta kawo POD a 1998, wadda ke kwaikwayon muryar shahararrun amfilifayoyi. A cikinsa akwai 'yar kwamfuta da ke mayar da sautin jita lambobi, ta sarrafa, ta dawo da shi. Makaɗi na iya shirya sautin kowace waƙa tun daga gida ya adana, a fili taku ɗaya ya isa. Ga na'urar saita tsirkiya a ciki. Waya ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita, wuta ɗaya. Mai feda biyar kuwa yana da gajerun wayoyi huɗu a tsakaninsu, kowace da baki biyu, kuma kowane baki ƙofa ce ga ƙura. Wanda ya taɓa ganin makaɗi durƙushe a tsakiyar biki yana girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya, amarya da ƙawayenta na jira, ya san darajar waya guda. Wani amfanin kuma, ana iya jona akwatin kai tsaye da lasifikar taro, a huta da ɗaukar amfilifaya gaba ɗaya.

Duk da haka ni ban ba shi gaskiya duka ba. Feda ɗaya in ta mutu, cire ta za ka yi ka ci gaba da kiɗa. Akwati in ya mutu, komai ya mutu. Tsohuwar feda 'yan tarkace ne a ciki, mai gyaran rediyo a kasuwa zai buɗe ta, ya gano inda dalma ta saki, ya liƙe. Akwatin kwamfuta kuwa in ƙwaƙwalwarsa ta ƙone, sai dai a jingine shi. Ga ɗan allonsa ba ya karantuwa a rana. Ga shi ba ya son wutar da ke hawa da sauka: janareta na yin tari sai ya ɗauke, ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya farfaɗo, waƙa kuwa ba ta tsayawa jiran sa. Sannan akwai wata illa da ba ta na'ura ba. Sautukan da kamfani ya shirya a ciki, an tsara su ne don su burge mai saye a kanti, cike da amsa-kuwwa da kumbura. Salon Agadez kuwa na saurin yatsa ne, ana bugun tsirkiya da yatsan hagu ana fizge ta, ga wata tsirkiyar a sake tana ta guna a ƙasa. In aka lafta wa wannan amsa-kuwwa mai yawa, sai ya cakuɗe, a rasa gane kansa. Gwanayen da ke amfani da akwatin, za ka tarar sauti biyu ko uku kawai suke taɓawa, sauran ɗaruruwan suna nan kwance.

Sai batun lasifikar tafi-da-gidanka. Tun farkon shekarun 1970 aka yi Pignose, 'yar amfilifaya mai cin batir shida irin na rediyo. A 2004 Roland ta fitar da Micro Cube, ita ma batir shida, wat 2 kacal, amma da 'yan sautukan feda a jikinta. Irin waɗannan su suka dace da zaman daji, a gindin dutse ko a zango, inda babu wuta sam, mutum goma sha suna kewaye da shayi. Yanzu kuma kasuwa ta cika da manyan lasifiku masu caji, masu taya da mariƙi, ga wurin makirufo, ga Bluetooth, a caja su da sola da rana a yi kiɗa da dare. Sun rage wahalar mai, sun kuma kawar da rurin janareta.

Amma mai saye ya yi hattara da lambar da aka rubuta a kwali. Ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara sau biyu, ɗan ƙari kaɗan kunne zai ji. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Sau da yawa ɗaga lasifika a kan sanda, sama da kawunan jama'a, ya fi ƙarin wat amfani, domin jikin mutane na shanye sauti. Kuma lasifikar taro ba a yi ta don jita ba. Tana fitar da siririn sauti na sama wanda lasifikar jita ke dannewa, shi ya sa in ka jona feda mai gurnani kai tsaye da ita za ka ji wani tsitsitsi mai cizon kunne. A nan akwatin kwamfuta ya yi wa feda ɗai-ɗai zarra, don yana da sashen da ke kwaikwayon lasifikar jita ya tace wannan tsiwa. A tabbata dai an kunna shi.

Abu na ƙarshe ya shafi rai, ba daɗin kunne ba. In ana aiki da janareta ko wutar gida ba tare da wayar ƙasa ba, makaɗi na iya riƙe tsirkiya da hannu, leɓensa ya taɓa makirufo, wuta ta bi ta jikinsa. Ba tatsuniya ba ce. A 1972 Les Harvey, mai jitar ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa da ƙasa ba. Saboda haka in kun ji lasifika na wani gunji da bai tafiya, ko makirufo na ɗan tsikarin leɓe, kada a ce a daure a gama waƙa. A kashe, a kira mai gyaran wuta, a kafa ƙarfe a ƙasa a haɗa janareta da shi, a kuma tabbata amfilifaya da na'urar makirufo daga wuri ɗaya suke shan wuta.

Masu sauraro, lokaci ya yi mana halinsa. Ga Etran de l'Aïr daga faifansu "Agadez" na 2022. A huta lafiya.

[Kiɗa har ƙarshe]