Keke da Kasuwannin Karkara a Ƙasar Anka, Bukkuyum da Gummi

1.0 Gabatarwa

Sufuri na ɗaya daga cikin ginshiƙan tattalin arzikin Bahaushe, domin amfanin gona ba ya zama kuɗi sai ya isa kasuwa. Kafin zuwan Turawa, ƙafa da jaki da takarkari da raƙumi su ne abin dogaro, doki kuwa na sarakuna ne da masu hali. A ƙarni na 20 ne keke ya shigo, ya sami gurbi tsakanin jakin talaka da dokin basarake. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake tafiya a kan keke tsakanin ƙauyuka da kasuwannin yammacin Jihar Zamfara, da yadda yanayin ƙasa ke juya tafiyar, da kuma kalmomin da Hausa ta tanadar wa wannan baƙon abin hawa.

2.0 Yanayin Ƙasar

Anka da Bukkuyum da Gummi ƙananan hukumomi ne da ke jere daga gabas zuwa yamma a Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1996. Kowaccensu tsohuwar masarauta ce, wato ta Sarkin Zamfaran Anka da ta Sarkin Dankon Bukkuyum da ta Sarkin Mafaran Gummi. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasashen uku. Babbar hanyar mota kuwa ta rabu da hanyar Gusau zuwa Sakkwato a mararrabar Mayanci, ta bi ta Anka da Nasarawar Burkullu da Daki Takwas har Gummi. A Daki Takwas wani reshe ya yi kudu zuwa Zuru ta Jihar Kebbi.

Da zarar an sauka daga kwalta, ƙasar ta kasu iri uku. Akwai fadamun bakin gulbi masu laka, inda ake noman shinkafa da kayan lambu. Akwai jigawa mai rairayi, gidan gero da wake da gyaɗa. Sannan akwai tuddai da fako masu tsakuwa da marmara, musamman a kudancin Anka wajen Bagega, inda kwazazzabai suka tsattsaga ƙasa, ake kuma haƙar zinariya. Mai keken da ya nufi kasuwa yakan ratsa duk ukun a tafiya guda.

3.0 Keke da Hanya

Keke mai ƙafafu biyu daidai da juna, wanda sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya, ya bayyana ne a Ingila a 1885, tayar iska kuma ta biyo baya a 1888. Samfurin da ya fi shahara a ƙasar Hausa shi ne Raleigh, wanda har masana'antarsa aka kafa a Kano, daga baya irin su Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa. Duk ƙirarsu ɗaya: ƙarfe mai nauyi, ƙafa mai faɗin inci 28, kariya mai ƙwari a baya, da giya guda tak.

Wannan giya guda ita ce ke bayyana halin keken a kan hanya. Duk lokacin da mahayi ya juya feda sau ɗaya, ƙafar baya takan juya kamar sau biyu da rabi, wato keken ya ci mita biyar da 'yan kai. A shimfiɗaɗɗiyar hanya wannan riba ce, domin tafiyar da mai ƙafa zai yi cikin sa'a uku, mai keke zai gama ta cikin sa'a guda. A hawan tudu kuwa ribar takan koma wahala, tunda babu ƙaramar giyar da za ta rage nauyin taku. Saboda haka mahayi yakan ɗebo gudu tun daga gindin tudu, ya miƙe tsaye a kan feda, in abin ya faskara ya sauka ya tura.

Gangara ta fi hawa haɗari. Nauyin kaya yana ingiza keke, birki kuma ba ya kamawa sosai idan ƙafa ta jiƙe. Wanda ya damƙe birkin gaba shi kaɗai a kan tsakuwa, sai dai ya tsinci kansa a ƙasa. Rairayi yakan riƙe taya, laka takan cushe ta, ƙayar aduwa da tsidau kuma su huda ta. Da damina ƙoramu kan kawo ruwa, sai a saɓa keke a kafaɗa a ƙetare, a gulbi kuwa a sa shi cikin kwalekwale.

4.0 Ranar Kasuwa

Kasuwannin yankin mako-mako suke ci, kowacce da ranarta, ta yadda ɗan kasuwa zai iya zagaya su ɗaya bayan ɗaya. Manomin da ke da tiya goma ko ashirin ta dawa, in ya biya kuɗin mota ribarsa ta tafi. A nan keke ke da rana. Yakan ɗaure kayan a kan kariya da igiyar roba, ya daidaita nauyin hagu da dama, ya yi sammako don ya riga zafin rana. In ya sayar, sai ya komo da gishiri da manja da sabulu da maganin yara. Haka mai kifi da mai kaji da ɗan koli da malamin makarantar ƙauye duk suka dogara da shi. A bakin kasuwa kuma ba a rasa mai faci a gindin bishiya, da famfonsa da sholisho da kwanon ruwan da yake gano huji da shi. A wasu ƙasashe hawan tudu a kan keke wasa ne na gasa, kamar tseren zagaya Faransa da aka fara a 1903. A wannan yanki kuwa neman abinci ne.

5.0 Keke a Bakin Bahaushe

Hanyoyi uku Hausa ta bi wajen raɗa wa keke da sassansa suna:

(a) Aro. Kalmar keke daga Yarabanci take, basukur kuwa daga Ingilishi. Daga Ingilishin ne kuma aka aro taya da birki da feda da kariya da bawul da faci. An gyara kowacce ta dace da tsarin gaɓar Hausa, misali an saƙa wasali tsakanin baƙaƙen farko na birki.

(b) Faɗaɗa ma'ana. An ɗauko kalmomin doki da na jikin ɗan'adam aka ɗora wa keke. Yana da sirdi da kai da ƙafa, ana hawansa, ana goyo a bayansa, ana kuma ce masa dokin ƙarfe.

(c) Harɗantawa. Bayan kalmar ta zauna da gindinta, sai ta haifi keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu.

Karin harshe ma yana da tasa rawa. A Hausar yamma da ake yi a yankin, za a ji hwaci maimakon faci, kamar yadda ake jin Zanhwara maimakon Zamfara. Bai kamata malami ya kira wannan kuskure ba. Aikinsa shi ne ya nuna wa ɗalibi yadda ake rubuta kalmar a daidaitacciyar Hausa.

6.0 Sauye-sauyen Zamani

Yawaitar babura masu araha tun daga shekarun 2000 ta rage wa keke kasuwa, amma babbar matsalar ita ce rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga, irin waɗanda aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairu na 2022, sun sa an ƙaurace wa hanyoyin daji da dama. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, ta kuma taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura. Da aka janye tallafin fetur a 2023, kuɗin mota da na babur suka yi tashin gwauron zabo, darajar keke ta sake fitowa fili, tunda ba ya shan mai. Sai dai arahar abin hawa ba ta da amfani ga manomi muddin hanyar kasuwa ba ta biyuwa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda keke ya kusanto da ƙauye ga kasuwa, da yadda tudu da fadama da damina ke yanke masa iyaka, da kuma yadda Hausa ta mayar da shi ɗan gida. Malamin da aka tura ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka zai iya jingine keke a gaban aji, ya koyar da aron kalmomi da karin harshe daga abin da yara suka riga suka sani.

Tambayoyi

1. Bayyana dalilin da ya sa keke mai giya guda ke wahalar hawa tudu.
2. Kawo kalmomi biyar na keke da ba a ambata a darasin ba, tare da bayyana asalin kowacce.
3. Rubuta insha'in bayani a kan hanyar da ta haɗa garinku da kasuwa mafi kusa.