Wuyan da Ya Karye, da Tseren da Aka Gama

Yau za mu yi magana a kan wani tsere, da wani mutum wanda ya gama shi bayan ya karya wuyansa a kan keke.

Sunan tseren Ironman. Wasanni uku ne a haɗe, ana yin su a yini ɗaya ba hutawa. Da fari mutum zai yi iyo na kilomita 3.8. Da fitowarsa daga ruwa sai ya hau keke ya yi kilomita 180, wato kamar daga Kano zuwa Katsina da ɗan ƙari. Sa'an nan ya sauka ya yi gudun kilomita 42 da ƙafa. An fara wannan tsere a 1978 a tsibiran Hawai na Amurka, tun 1981 kuwa garin Kona da ke can ya zama gidan babbar gasarsa ta duniya.

Tim Don mutumin Ingila ne. Ya je wasannin Olamfik sau uku. A watan Mayu na 2017, a ƙasar Brazil, ya gama Ironman cikin awa 7 da minti 40, ya kafa sabon tarihi. Da Oktoba ta yi sai ya tafi Kona yana da shekara 39, mutane suna sa masa ran nasara. Ana saura 'yan kwanaki a fara gasar, yana kan keke yana motsa jiki, mota ta buge shi. Hoton asibiti ya nuna ƙashin wuyansa ya karye.

Bari mu gane girman wannan rauni. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, jere da juna, laka kuwa tana bi ta tsakiyarsu daga ƙwaƙwalwa zuwa gadon baya. Ta wurinta saƙo yake kaiwa ga hannu da ƙafa, har da naman da yake ja mana numfashi. Ƙashi na biyu daga sama shi ne ya karye wa Don. Da ƙashin ya goce ya taɓa laka, da jikinsa ya shanye, ko kuwa numfashi ya tsaya.

Likitoci suka sa masa zaɓi a gaba. Ana iya yi masa aiki a haɗe ƙasusuwan da ƙarfe. Wannan ya fi sauƙi, amma wuyan ba zai ƙara juyawa sosai ba, mai iyo da mai tseren keke kuwa ba su iya yi sai da juya wuya. Ko kuwa a sa masa zoben ƙarfe kewaye da kai, a ɗaure shi da ƙusoshi huɗu da za su kama ƙoƙon kansa, biyu a goshi, biyu ta baya, a haɗa zoben da sanduna zuwa wata riga mai tauri a ƙirji. Ta haka kai ba ya motsi ko kaɗan, ƙashin ya haɗe da kansa. Don ya zaɓi zoben.

Wata uku ya yi a cikinsa. Makonnin farko a zaune yake barci a kan kujera, gama kwanciya ta gagara. Ƙusoshin sukan saki, a sāke ɗaure su. Mutumin da ya saba tsere na awa takwas, ga shi sai an taimake shi wanka da sa tufafi. A nan ne aka ci rabin tseren, domin ƙashi ba ya jin gaggawa. Yana da kwanakinsa, wanda ya ƙi jira kuwa yakan mai da aikin baya.

An cire zoben a farkon 2018. Ran 16 ga Afrilu ya shiga gudun yada-ƙanin-wani na birnin Boston, cikin ruwan sama da iska mai sanyi, ya gama cikin awa 2 da minti 49. A watan Yuni ya shiga tseren rabin Ironman a ƙasar Kosta Rika, ya zo na ɗaya. A Oktoba kuma, shekara guda bayan hatsarin, ya koma Kona. Bai ci gasar ba, Patrick Lange na Jamus ne ya ci. Amma ya yi iyon, ya bi hanyar keken nan har ƙarshe, ya ƙetare layin gamawa da ƙafafunsa.

To, ina ruwanmu da wannan? Mu ma masu keke da babur ne. Da su muke zuwa gona da kasuwa da sujada. In ɗan'uwa ya faɗi yana kukan wuya, ko ya ce hannu ko ƙafa sun mutu, kada mu ɗaga shi zaune, kada mu ja kansa, kada mu ɗora shi a babur. Mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu yadda ba zai motsa ba. In dole ne a ɗauke shi, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko katako mai faɗi, kai da jiki a miƙe, a kai shi asibiti a ɗauki hoto. Karayar wuya ba aikin mai ɗori ba ce. Mu riƙa sa hular kwano kuma, ko da tafiyar kusa ce.

Ku da kuke kwance yanzu da karaya, damina tana wucewa, kuna jin kamar an bar ku a baya, kada ku kwance ɗaurin kafin ranar da likita ya faɗa. Sannu ba ta hana zuwa. Mu masu lafiya kuma, mu je mu gaishe su, mu kama musu noma, gama Don ma bai warke shi kaɗai ba, iyalinsa da masu jinya ne suka ɗauke shi wata ukun nan.

Ubangiji ya tsare fitarmu da shigarmu, ya ba marasa lafiyarmu haƙuri da sauƙi. Amin.