Haƙƙin Baƙo a Lokacin Kulle: Nazarin Fiƙihu a Kan Iyakar Gobir a Shekarar 2020

 

Wannan maƙala tana duba tambaya guda: idan hukuma ta umarci jama'a su zauna inda suke saboda annoba, wane ne zai ciyar da wanda kullen ya riske shi a garin da ba nasa ba? An ɗauki Sabon Birni da Isa a matsayin misali, domin a nan ne tambayar ta fi tsanani a shekarar 2020.

Ƙasar Gobir tun asali mahaɗa ce. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, wani reshe na sarautar ya kafu a Tsibiri, kusa da Maraɗi, wani kuma daga baya ya kafa Sabon Birni. Da Turawa suka ja iyaka sai ta ratsa tsakanin dangi. A kasuwannin yankin ana cuɗanya tsakanin Gobirawa da Zamfarawa da Fulani makiyaya da Adarawa da Buzaye, ga kuma 'yan tsirarun 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya, wasunsu Kiristoci.

Korona ta iske iyakar a rufe, domin Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu tun watan Agusta 2019. An samu mai cutar na farko a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, a Jihar Sakkwato kuwa cikin watan Afrilu. Sakkwato ba ta shiga kulle irin na Kano ba, inda aka hana mutane fita daga gidajensu. Abin da ya same ta shi ne rufe makarantu da hana zirga-zirga tsakanin jihohi da dokar hana yawon dare. Sai dai lokacin ya zo da nauyi. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, a tsakiyar bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, 'yan cin rani kuma suke haramar komawa gida gyaran gona.

Asalin hukuncin sananne ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin shiga ƙasar da annobar ɗa'un ta sauka da hanin fita daga cikinta don gudu, kuma da wannan hadisi Abdurrahman ɗan Aufu ya tabbatar wa Sayyidina Umar (R.A.) daidaicin juyawarsa daga Sarga a lokacin annobar Sham. Malamai da yawa sun kafa hujja da shi wajen kare dokar kulle, kuma sun yi daidai. Abin da aka yi ƙarancin ambatonsa shi ne ƙaidin da ke cikin hanin. Imamu Nawawi ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa fita don wata buƙata wadda ba gudun annobar ba halal ce. Wannan ƙaidi ya zama batun rai da mutuwa a Sabon Birni. Ranar 27 ga Mayu 2020, kwana uku bayan ƙaramar Salla, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, suka kashe fiye da mutum 60. Wanda ya tsere a wannan hali ya gudu ne daga makami, hanin bai shafe shi ba, tsare rai kuma wajibi ne a kansa. Tun kafin wannan hari, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ce mutum kusan 23,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka Nijar cikin watan Afrilu kawai. Nijar ta bar su suka shiga ko da yake iyakarta a rufe take, mutanen ƙauyukan bakin iyaka ne kuma suka fara saukar da su kafin a mayar da wasu wurare irin su Garin Kaka da Cadakori.

To, da wace dukiya za a ciyar da irin waɗannan? Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin kashi takwas na masu cin zakka. A mazhabar Malikiyya ana ba shi abin da zai kai shi gida ko da mawadaci ne a garinsu, muddin bai samu mai ranta masa ba, kuma tafiyarsa ba ta saɓo ba ce. Ɗan cin ranin da hanya ta rufe a gabansa da almajirin da aka sallama daga makaranta ba kuɗin mota duk suna ƙarƙashin wannan suna, wanda ya baro gidansa da tufafin jikinsa kuwa ya haɗa talauci da baƙunci.

Akwai wata mas'ala da ta dace da yankin ƙwarai. Malikiyya sun wajabta a raba zakka a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, sun kuma auna kusancin da abin da bai kai nisan ƙasaru ba, wato mil 48. Ma'aunin nisa ne, bai san shingen kwastan ba. A bisa wannan, Gidan Rumji da ke Jihar Maraɗi, inda 'yan gudun hijira da yawa suka sauka, tana cikin kusancin Sabon Birni, alhali birnin Sakkwato ya wuce nisan ƙasaru. Manomin da ya aika buhun gero na zakkarsa ga 'yan ƙauyensu da suka tsallaka bai ɗauke zakka daga muhallinta ba. Ko da ya wuce wannan nisa, mazhabar ta yarda a kai mafi yawanta inda buƙata ta fi tsanani.

Wahalar ta fi yawa wajen rubuta sunaye. Tallafi yakan bi ta hannun mai unguwa da dagaci da shugabannin mazaɓa, su kuwa waɗanda suka sani suke rubutawa. Baƙo ba ya cikin littafin kowa. Bafulatanin ruga ya fi kowa faɗuwa a wannan rami, domin rikicin 'yan bindiga da 'yan sa-kai ya sa ana kallon mai laifi da marar laifi da ido ɗaya, har shiga kasuwa ta zame wa wasu haɗari. Shari'a ba ta kama wani da laifin wani, kuma ba a ƙara wa sharuɗɗan cin zakka sharaɗin ƙabila. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato tana da kwamitoci a gundumomi. Abin da ya kamata shi ne kowane kwamiti ya zauna da arɗo da sarkin zango da shugaban kasuwa a lokacin rubuta sunaye, a kuma isar da sanarwa da Fulatanci da Buzanci ga matan da Hausarsu ba ta nuna ba.

Maƙwabci wanda ba Musulmi ba kuwa, zakkar farilla ba ta zuwa gare shi a matsayin talaka a wurin jumhurun malamai. Amma sadakar ganin dama da waƙafin da mai shi bai ƙayyade ba suna isa gare shi, aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautata masa, kuma tallafin gwamnati dukiyar kowa ce. Ceton wanda yunwa za ta halaka farali kifaya ne, ko wane addini yake bi. Saboda haka kwamitin da ke karɓar zakka da sadaka da kayan gwamnati a lokaci guda yana buƙatar littafi dabam ga kowanne, domin idan aka zuba su a buhu ɗaya, ko dai a ba da zakka inda ba muhallinta ba, ko a hana Kirista mai shago a Isa abin da yake haƙƙinsa.